Yarinyar da Ta Zaɓi Babban Madubi

Wata yarinya ce suka taso daga Keita zuwa Tama, ita da innarta. Babanta ya tafi biɗar kuɗi Abijan. Aka sa ta lakwal, wato makaranta, amma wata biyu cur ba ta yi ƙawa ko ɗaya ba.

Ba wai yaran miyagu ba ne. Kowace dai tana da ƙawarta tun kafin ta zo. In an fita hutu, ita kaɗai take zama gindin itacen bedi. Abin yana damunta ƙwarai.

Da la'asar takan bi innarta garka, inda suke noman albasa da tumatir. Can take zama tana kallon ƙwari. Ta san inda fara ke ɓuya. Ta san reshen da ƙoƙi-ƙoƙi ke tsayawa. Har hira take yi musu, su kuwa ko kallo ba ta ishe su ba.

Ran nan malamarsu, Madam Fiddausiya, ta zo aji da madubin hange guda biyu, irin wanda ake ce wa jumel. Ɗaya ƙato ne baƙi, mai nauyi. Ɗayan ƙarami ne, tafin hannu ma ya ishe shi.

Madam ta ce, "Waɗanda suka hi ƙoƙari a darasin ƙwari su za su tahi da su yau. Su duba ƙwaro guda da kyau, su zana shi, gobe su gwada muna."

Ta kira yarinyar, ta kira wata mai suna A'i. Yarinyar aka ba zaɓin farko.

Madam ta ce, "Dakanta in gwada miki bambancinsu."

Yarinyar ta ce, "Na sani, Madam."

Wallahi ba ta sani ba. Ta dai ga duk idon yara yana kan ƙaton. Ta ce a ranta, in na rataya wannan, kowa zai biyo ni. Ta sure shi, A'i ta ɗauki ƙaramin.

Aka kuwa biyo ta. Yara bakwai suka raka ta har garka. Tun da ta zo Tama ba ta taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Ta ce, "Ku taho in gwada muku huskar ƙoƙi-ƙoƙi."

Ga shi nan kan reshen tumatir. Ta tsuguna dab da shi, ta kafa madubi a ido. Ba ta ga komai ba sai kore dishi-dishi. Ta murɗa, ta sake murɗawa. Shiru.

Yaran suka karɓa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce, "Yo wanga ai gara idona!"

Ta ja da baya, ta ƙara ja. Sai da ta yi taku goma sannan madubin ya washe. Amma daga can ganye ya rufe ƙwaron. Tana ƙara taku ɗaya, sai ta zurma cikin hanyar ruwa, ta zauna daɓas a taɓo.

Yara suka kwashe da dariya, suka watse. Aka bar ta ita kaɗai, da ƙaton madubi a wuya. Nan ta yi kuka har ta gaji.

Innarta ta zo ta same ta. "Ke ɗiyata, mi ya hwaru?"

Ta gaya mata komai.

Inna ta ce, "Kin tambayi aikin kowane kahin ki ɗauka?"

"A'a."

"To ni in za ni cire haki cikin irin albasa, kin taɓa ganin na ɗauki kalme, babbar hauyar nan? 'Yar wuƙa nika ɗauka. Tashi ki wanke jikinki. Gobe ki hwaɗa ma Madam gaskiya."

Da safe ta miƙa littafinta, shafin fari fat. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Madam, ƙarya na yi. Ban san bambancinsu ba."

Madam ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaga ƙaton ta ce, "Wanga na kallon nesa ne, kamar tsuntsu bisa dutsi. Abin da ke kusa bai iya gwada shi." Ta ɗaga ƙaramin. "Wanga kuwa an yi shi don abin kusa. Ko ƙwaro na kamu guda daga gare ki, za ki ga har gashin ƙahwarshi."

Sai A'i ta ɗaga hannu a kunyace. Nata shafin ma babu komai.

Ta ce, "Madubina na gani sarai, Madam. Amma da na matsa sai ƙwarin su tashi. Ko guda ban samu ba."

Yarinyar ta ce a hankali, "Ni na san inda suke."

Madam ta ƙara musu kwana ɗaya, ta ba su ƙaramin madubin su biyu.

Da la'asar suka je garka. Yarinyar ta koya wa A'i tafiya sannu-sannu. Ta ce kada ta bari inuwarta ta faɗa kan ƙwaro. Suka tsuguna gaban ƙoƙi-ƙoƙin, A'i ta kafa madubi.

Ta ce cikin raɗa, "Kai! Wanke huska shikai, kamar kyanwa!"

Yarinyar ta karɓa ta duba. Wata biyu tana kallon ƙwaron nan, sai yau ta ga ƙwayar idonsa. Suka zana shi tare, kafaɗa na gogar kafaɗa.

Da za su rabu, A'i ta ce, "Gobe ma mu zo? Ko babu madubi."

Murna ta kama yarinyar. Ta ɗaga kai da sauri.

Daga ranar ta gane cewa kafin mutum ya zaɓi kaya, ya tambayi aikinsu, kada girma ya ruɗe shi. Ta kuma gane cewa ba da abin burgewa ake samun ƙawa ba. Da gaskiya ake samunta, da taimakon juna.