Wasiƙar Baba a Shafin Farko

Morenike na taya mahaifiyarta tuƙin amala a tsakar gida sai muryar mahaifinta, Baba Fagbemi, ta taso daga baranda kamar tsawa.

"Morenike! Zo ki karanta min abin da mijin nan naki ya rubuta!"

Ta miƙe da ƙyar, don cikinta ya shiga wata tara, shi ya sa ma ta dawo gidansu a unguwar Olowogbowo, cikin Ikko, don haihuwar fari. Tun da idon Baba ya yi rauni ita ke karanta masa jarida. Mijinta Ladipo kuwa shi ne editan Agogo Owuro, 'yar jaridar Yarabanci mai fitowa duk Asabar. A shekarar, Ikko ta rabu biyu: hukumar Turawa na son rushe tsofaffin lunguna saboda annobar ɓera, Baba, tsohon akawun kotu, ya goyi baya a taron gari, Ladipo kuma ya ce korar talaka ce kawai.

Ta fara karatu. Da ta zo wani layi sai ta tsallake.

"Kin tsallake! Idona ne ya mutu, ba kunnena ba."

"Baami... ya ce dattawan da suka yarda 'yan amshin shatan Bature ne, ba su san zafin talaka ba."

Baba ya buga sandarsa a ƙasa. "Ni? Ni da na ɗauki 'yata na ba shi lokacin da wandonsa ɗaya? To, kar ya ƙara tako gidan nan. Abin da ke cikinki ma ya raɗa masa suna da kansa, ba da bakina ba!"

Mama ta fito da muciya a hannu. "Haba Baban Morenike! Kan takardar da gobe za a ƙulle ƙosai da ita?"

"Ke koma kan tukunyarki!"

Kwana uku Morenike na kuka a ɓoye. Ba ta ce wa mahaifinta ya yi kuskure ba, ba ta aika wa mijinta baƙar magana ba. A rana ta huɗu Baba ya ce ta ɗauko alƙalami, zai mayar da martani.

"Rubuta: zuwa ga yaron da ya koyi karatu jiya, yau yake koya wa kaji tono."

"Baami, mijina ne fa."

"Na sani, ai ni na yi wautar. Rubuta!"

Ta rubuta, tana dariya tana share hawaye. Amma da ya yi nisa sai muryarsa ta sauya. Ya ce ta rubuta yadda annobar ta shigo lungunsu shekara uku da suka wuce, yadda ya ɗauki ɗansa Oyebanji, ƙanenta, a kafaɗa da rana tsaka yana neman likita, kafin la'asar yaron ya cika. "Rubuta: ba Bature nake wa amshi ba. Kabarin ɗana nake wa." Hawayen Morenike ya jiƙa tawada a wurin, sai da ta sake layin.

"Ki ajiye kawai," in ji Baba. "Na san ba zai buga ba. 'Yan jam'iyyarsu za su cinye shi ɗanye."

Washegari ta ɗaura gyale ta tafi maɗaba'a a hankali, tana hutawa a hanya. Ladipo na ganinta ya taso a guje, hannunsa baƙi ƙirin da tawada.

"Nike! A wannan halin? Me ya sa ba ki aiko ba?"

"Ranka ya daɗe Edita, wasiƙar mai karatu na kawo. Ka zauna kafin ka buɗe."

Ya fara da murmushi, har ya ƙyalƙyale a wurin kajin. Can sai fuskarsa ta faɗi. Ya daɗe yana kallon takardar.

"Wallahi na manta da Oyebanji lokacin da nake rubutu. Sori, Nike. Amma har yanzu ina ganin rushe gidajen mutane ba tare da an ba su wani wuri ba zalunci ne."

"Ban ce ka sauya ra'ayi ba. Ina son ka, ina son Baba, ba zan zaɓi ɗaya ba. Ka bar shi ya yi magana kawai."

"In na buga, 'yan komitin jam'iyyarmu za su ce surukina ya saye ni."

"To kai ka san abin da jarida take."

Ranar Asabar wasiƙar ta fito a shafin farko, ba a cire ko wasali ba, har kajin. A ƙasa Ladipo ya sa layi biyu: yana nan kan ra'ayinsa, amma ya zagi dattijon da bai cancanci zagi ba, yana neman gafara a gaban duk Ikko. Abokai biyu suka daina gaishe shi. Amma a kasuwa da gindin famfo ba a maganar komai sai suruki da suruki, har matan da ba su iya karatu ba suna sa a karanta musu, suna gardama.

Baba ya sa Morenike ta karanta masa sau uku. Da ta gama sai ya nemi ƙarin miya.

Ta haihu ranar Laraba, namiji. Da safiyar suna Ladipo ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba, ya kwanta rub da ciki a ƙasa, irin gaisuwar Yarbawa, da farar babbar rigarsa ta agbada.

"Wa ke nan?" in ji Baba, alhali ya sani.

"Ni ne, Baba. Ladipo."

"Tashi, kana ɓata agbadar da 'yata ta wanke. Har yanzu kana kan shirmenka?"

"Ina kai, Baba."

"Madalla. Da ka sauya don tsorona da na raina ka. Shigo ka riƙe min ɗanka."

Baba ya ɗiga wa jaririn zuma da gishiri a leɓe, ya ce sunansa Adedayo. Mama ta rangaɗa guɗa. Morenike ta dubi mutanen nan biyu, kafaɗa da kafaɗa, tuni sun fara sabuwar gardama ƙasa-ƙasa kan inda za a mayar da mutanen lungu, ta rufe fuska da gyale tana kukan daɗi.

Saɓanin ra'ayi ba ya raba gida, 'yan'uwa. Raini ke raba shi. Wanda ya ba abokin gardamarsa dama ya faɗi tasa bai rasa komai ba. Ita kuwa Morenike, haƙurinta ya bar mata uba da miji duka.