Mai Kaset Ko Mai Faifai

"Jemi na, shigo mana... me ya sa kin tsaya a ƙofa kamar baƙuwa?"

Jemima ba ta motsa ba. Ta ƙanƙame jakarta a ƙirji, idonta a ƙasa. A kan dogon teburin da Tobiya yake gyaran rediyo an ture wayoyi da dalma gefe guda, an girke babban talabijin da kwalaye biyu a buɗe.

"Ba ka kunna ba ko?" ta tambaya a hankali.

"Babu wuta tun safe. Zo ki ga abin da zai ciyar da mu."

Sai a lokacin ta saki numfashi ta shiga.

Tobiya mutum ne da in ya so abu sai duk unguwar Barade ta ji labari. A shekarar nan ta 1997 kuwa ba abin da ya shiga ransa, bayan Jemima, kamar buɗe gidan gem, inda samari za su riƙa zuwa suna wasa a talabijin. Lawali mai kayan lantarki ya kawo masa na'ura iri biyu daga Kano, ya bar masa su ya gwada kafin ya dawo daga Wukari. Ƙarfin Tobiya na guda ɗaya ne.

"Wannan baƙar kaset ake cusa mata a ka," ya ce yana shafa ta kamar jaririya. "Ba ta da laulayi. In ta ƙi, ki zare kaset, ki hura masa iska, ki mayar. Wannan mai ruwan toka kuma faifai take ci. Sabon yayi! Mutanen ciki kamar za su fito su gaishe ki. Amma in faifai ya karce, ya tafi ke nan."

"To ka zaɓa mana."

"A'a. Amarya ce za ta zaɓa. Na riga na faɗa wa kowa."

"Ni me na sani a kan gem, Tobi?"

"Za ki zauna, ki riƙe, ki kalla. Wanda ya yi miki daɗi a ido, shi ne."

A ido. Jemima ta kawar da fuska daga talabijin.

"Har yanzu ba kya son talabijin, Jemima?"

Muryar daga ƙofa ta fito. Cynthia ce, da takalminta mai tsini da jakar ofis. 'Yar ƙawar mahaifiyar Tobiya ce, kuma kowa a Abbare, unguwarsu Tobiya, ya san ita uwar ta so wa ɗanta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ɗakin kwanansu ɗaya da Jemima a makarantar kwana.

"Idonta ne yana mata ciwo," Tobiya ya amsa mata da zuciya ɗaya.

"Ayya, ido," in ji Cynthia, tana murmushi. "Na tuna."

Ta tuna kuwa. Suna aji uku aka kawo musu bidiyo ranar wata Asabar, fim ɗin yaƙi mai walƙiya da harbe-harbe. Jemima ta ji warin ƙonewa a hancinta, daga nan ba ta sake sanin komai ba sai da ta farka a ƙasa, harshenta a tsage, 'yan mata sun yi nesa da ita suna toshe baki. Likita ya ce farfaɗiya ce, irin wadda haske mai ƙyaftawa yake tayarwa. Ya ba ta ƙwayoyi, ya ce ba a ɗaukarta a yawu ko a kofi. Amma wa zai bi gida gida ya gaya wa mutanen gari haka? Mahaifiyarta ta sauya mata makaranta, ta kulle maganar. Tun daga nan Jemima take zama da bayanta ga talabijin a kowane falo, ciwon kuma bai sake tashi ba.

Da ta koma gida Kona da yamma, ta tarar da Mama Rose tana tace kunu a tsakar gida.

"Mama, zan gaya masa."

Uwar ta ajiye matacin. "Ki gaya masa me?"

"Kin sani."

"Jemima, an karanta sanarwar aurenku a coci sau ɗaya. Gobe na biyu. Ki bari a gama na uku, a ɗaura, sai ki gaya masa a ɗakinki."

"Ai wannan yaudara ce, Mama..."

"Yaudara? Kin ga Sajo na bayan coci, mai irin ciwonki? Kyakkyawa kamar me, ga ta nan ta tsufa a gidan babanta. Ko kofi ba a haɗawa da ita. Haka kina so?"

Jemima ta sunkuyar da kai. Ba haka take so ba. Tobiya take so, da surutunsa da warin dalmarsa, tana kuma tsoron ranar da zai dube ta irin kallon da ake yi wa Sajo.

Al'adar cocinsu ce a karanta sanarwar aure Lahadi uku a jere, kowane karo fasto ya tambaya ko akwai wanda ya san dalilin da zai hana. Washegari da ya yi tambayar, Jemima ta runtse ido tana jiran muryar Cynthia. Shiru. Cynthia ba wawuya ba ce. Ta san in ta buɗe baki za a ce haushi take ji, don haka ta fi son a gani da ido.

Bayan an tashi, Mama Alisabatu, mahaifiyar Tobiya, ta gayyaci Jemima cin abincin rana a Abbare. Falon cike da 'yan Zumuntar Mata da ƙannen miji. An ba Jemima zoɓo a kofin tangaran mai fure, na manyan baƙi. Ta fara jin sanyi a ranta ke nan sai ta ji ƙarar janareta a waje, ga Tobiya ya shigo da kwalayen nan biyu.

"Cynthia ce ta kawo shawara," ya ce yana dariya. "Wai a yi zaɓen a gaban Mama, ta sa albarka."

"Shawara mai kyau ne," in ji Mama Alisabatu. "Mu ga ko amaryanmu yana da ido."

Aka saki labule don hoto ya fito sosai. Aka jawo mata kujera har gaban talabijin. Jemima ta dubi ƙofa, mata biyu sun zauna a bakinta da faranti a cinya.

Mai kaset aka fara sawa. Wani ɗan mutum ne yake tsalle a kan tudu, launin a kwance, ba walƙiya. Ta kare ido ɗaya da hannu kamar mai gyaran ɗankwali, ta danna abin dannawar sau biyu.

"Wannan," ta ce da sauri. "Na zaɓi wannan. Ya isa."

"Haba dai," Cynthia ta ce cikin zaƙin murya. "Ana zaɓe ba a ga ɗayan ba? Tobiya, sa faifan nan na jirage. Shi samari suke so."

"Tobi, kaina yana ciwo..."

"Minti ɗaya kawai, masoyiyata. Ki ga kyaunsa."

Faifan ya juya. Jirage suka taso, wuta ta fara tashi, fari da ja, fari da ja, falon duka yana haskewa yana dushewa. Ta kawar da kai, amma hasken yana jikin bango, yana gilashin kabet, yana fuskar kowa.

Sai ta ji warin ƙonewa.

Ta san abin da ya rage mata bai fi numfashi kaɗan ba. Abu ɗaya ya zo mata: kada ya ji daga bakin Cynthia. Ta damƙi hannun rigarsa.

"Tobi... ina da farfaɗiya. Na ɓoye maka. Zan faɗi yanzu, ka kwantar da ni ta gefe, kada a sa min komai a baki... ka yafe..."

Ba ta ƙarasa ba.

Da ta farka, janareta ya mutu, falon ba kowa. Takalma a warwatse, shinkafa a zube a kan leda. Kanta yana bisa cinyar Tobiya, gaban rigarsa ta coci ya jiƙe sharkaf da yawunta. Daga tsakar gida muryar Mama Alisabatu take tashi.

"Tobiya, fito! Kada yawunsa ya taɓa ka! Yesu, me na yi?"

Sai ƙarar fashewar wani abu a jikin dutse. Jemima ba ta buƙaci a gaya mata ba, kofin nan ne mai fure.

Ta ɗaga ido ta dube shi. Babu ƙyama a fuskarsa, amma babu Tobiyan da ta sani. Mutumin da ba ya iya shiru ya yi shiru.

Ya goya ta a babur har Kona, ya ɗaure ta a bayansa da gyalenta don kada ta zame. A ƙofar gida ya kwance gyalen ya miƙa mata.

"Shekara biyu muna tare, Jemima," ya ce. Ba Jemi ba.

Ya juya ya tafi.

Makon nan Jemima ba ta san yadda ya wuce ba. Duk babur ɗin da ya ratsa layinsu sai ta leƙa ƙofa. Labari kuwa ya riga ya zaga. Matar da take sayen kununsu kullum ta aiko cewa ta daina sha, wai yana sa mata kumburin ciki. Aka ce shagon Barade a rufe yake. Aka ce an ga Cynthia tana taya Mama Alisabatu wanke falo da ruwan zafi. Mama Rose ta daina haɗa ido da 'yarta, sai dai ta ajiye mata abinci ta wuce tana jan hanci.

Ranar Asabar da rana Jemima tana zaune a gindin mangwaro da kofin kunu a hannu, ta kasa sha, sai babur ya tsaya. Tobiya ya shigo, ya rame, a bayansa Mama Alisabatu da fuska a ɗaure. Uwar ta gaisa da Mama Rose sama sama, ta ƙi tabarma, ta tsaya daga nesa.

Jemima ta miƙe. Ta san an zo janye magana.

"Na je Yola," in ji Tobiya. "Na ga likitan ƙwaƙwalwa. Na koma na ɗauki Mama, ita ma ta ji da kunnenta."

"Na ji," uwar ta ce a taƙaice. "Ji daban, yarda daban."

"Na yi fushi, Jemima. Har yanzu da saura. Ba don ciwon ba. Ni da hannuna na zaunar da ke a gaban abin nan, ina dariya. Da kin mutu fa?"

Hawaye ya zubo mata. "Tsoro na ji, Tobi. Na ji tsoro ka gudu."

"Kin ga na gudu?"

Ta girgiza kai.

"Lawali ya dawo jiya. Na mayar masa da mai faifai."

"Amma ita samari suke so... kasuwarka..."

"Na ce amarya ce za ta zaɓa, ta kuma zaɓa a gaban kowa. Mai kaset. Na juya talabijin ya kalli bango, na sa katako ya raba shagon. Ko kin zo kawo min abinci, ba abin da zai haska miki ido."

Sannan ya miƙa hannu ya karɓi kofin da ke hannunta.

"Kin sha?"

"Kaɗan..."

Ya juya kofin daidai inda bakinta ya taɓa, ya dubi mahaifiyarsa, ya kafa kai ya shanye tas. Mama Alisabatu ta dafe ƙirji. Mama Rose ta toshe baki da zane ta fashe da kuka.

"Sikari ya yi kaɗan, Jemi na," ya ce yana goge baki.

Uwarsa ba ta ce uffan ba har suka tafi, abin da ya hana Jemima sakin jiki ke nan.

Ranar Lahadi cocin ya cika fiye da kullum, har da waɗanda sai Kirsimeti ake ganinsu. Bencin da Jemima ta zauna kuwa ita da mahaifiyarta ne kawai, an bar musu fili hagu da dama. Fasto ya karanta sunayen karo na uku, ya cire tabarau.

"In akwai wanda ya san dalilin da zai hana wannan aure, ya faɗa yanzu."

Cynthia ta waiga ta dubi layin Zumuntar Mata.

Mama Alisabatu ta miƙe.

Tsohuwar ta ɗauki jakarta da littafin waƙoƙinta, ta fito daga layinsu, ta tako a hankali, cocin duka yana bin ta da ido. Ta zo daidai bencin nan mai fili ta tsaya. Fuskarta a ɗaure take har yanzu, don ita ma tsoron bai gama sakinta ba.

"Matsa min, 'yata," ta ce.

Ta zauna, kafaɗarta na gugar ta Jemima, ta ɗaga kai ta dubi fasto.

"Ci gaba, Baba Fasto. Wurin zama ne kawai na canja."