Allon Tagulla a Bakin Ƙofar Jirgi

Na zare zoben baikonmu na dire masa a kan teburin ɗakin cin abincin jirgi.

"Lorraine, masoyiyata, zauna mana..."

"Kada ka ƙara ce mini masoyiya, Wendell. Hannu nawa aka ɗaga?"

Ya sunkuyar da kai. A ƙuri'ar ƙungiyarmu, bakwai sun yarda a sa sunana a allon tagulla, bakwai sun ƙi. Shi ne na goma sha biyar, ya zauna da hannuwa a cinya kamar mai jiran likita.

Shekara tara ke nan duk Asabar ina kankare tsatsa a tsohon jirgin yaƙin nan da mu tsofaffin sojojin ruwa muka mayar gidan tarihi a gaɓar tafkin Erie. Ni na toshe ɓarakar da ruwa ke shiga ta ƙasansa, ina rarrafe da gwiwar ƙarfen da likita ya sa mini. Amma allon tagullar da ake kafa sunayen 'yan jirgi, wai sai wanda ya fita teku a cikin jirgin. Shekara ashirin na yi ina wa rundunar walda, a zamanin da doka ta hana mata hawa jirgin yaƙi. Su suka rufe ƙofar, yanzu suna tambayar me ya hana ni shiga. Wai al'ada ce. Yawancin al'adun da na sani son kai ne da ya yi furfura.

Wendell ya ce 'yarsa Charlene ce ta yi ta kuka a waya, wai in sunana ya hau kusa da nasa an shafe marigayiya uwarta. Doreen mai shagon tsaraba, wadda ta shekara biyu tana kai masa kek ɗin tuffa bai gane nufinta ba, ita ce ta zuga ta.

"Wata goma sha takwas ka yi kana feraye dankali a nan," na ce, "kai ne gwarzon teku?"

Na fice.

Asabar uku ban leƙa ba. Ya kira, ban ɗauka ba.

Ta huɗu da safe sai ga shi a ƙofata, sukudireba a aljihu. Ya miƙo mini ɗan sillen tagulla mai sunansa. A gaban kowa ya kwance shi daga allon, in ji shi. Gus, shugabanmu, ya ce ya mayar ko ya bar ƙungiyar, sai ya ajiye masa makullin jirgin.

"Da hannu kawai ka ɗaga, tsoho, da ya fi sauƙi."

"Na sani, abar ƙaunata."

"Charlene fa?"

"Ta kashe waya a kunnena. Ta huce, ko kar ta huce."

Ban yafe masa a ranar ba. Sai da ya yi ta kwashe mini dusar ƙanƙarar ƙofar gida har ƙarshen hunturu, sannan muka ɗaura aure a kotu.

Har yau sunana bai hau allon ba. Akwai dai gurbi a layi na huɗu da ramukan ƙusa biyu. Masu ziyara kan tambayi Gus sunan wa aka cire, kuma dole ya ba su amsa.