Audugar Zulai a Cikin Akwatin Junaid

Ranar da Zulaihatu ta fara ganin Junaid, tsaki ta yi masa.

Ta fito daga gida da matasan kai a ɗaure a kanta, ɗinkin mahaifiyarta Hajjo, za ta kai kasuwa. Hanya ta bi da ita ta gaban shagon Saifullah mai sayar da kayan sauti. Tana isowa wani rugugi ya fito daga ciki, ya daki ƙirjinta, ya sauka har cikinta. Kwanon rufi na karkarwa. Wata akuya da ke kwance a inuwa ta tashi ta bar wurin.

Zulai ta tsaya, ta yamutsa fuska, ta ja tsaki mai tsawo.

A bakin ƙofa wani dogon saurayi ne zaune, rungume da jita mai kaurin igiya, irin wadda makaɗa ke kira bes. A gabansa akwatunan sifika biyu ne, baƙaƙe, kowanne ya kai ƙugun mutum. Shi ma fuskarsa a yamutse take.

"Ƙanwata, don Allah tsaya," ya ce. "Tsakin ga naki, na wane akwati ne? Wanga ko wancan?"

"Duka."

"Saurara dai tukuna."

Ya taɓa igiya ta akwatin farko, mai babbar sifika guda ɗaya. Ya zare waya, ya jona a na biyu, mai ƙanana huɗu, ya sake taɓawa.

"To?"

"Na farko kamar cikin jakin da ya ƙoshi da wake. Na biyu kamar ana jan garwa bisa kwalta."

Saifullah ya fito da sauri. Ɗan abokin mahaifinta ne, kuma ya daɗe yana kai gaisuwa gidansu da manufa.

"Haba Zulai, kayan waje ne hwa!"

"To a maida su waje," ta ce.

Junaid ya yi dariya har jitar ta kusa suɓuce masa. "Wallahi na daɗe ina neman wanda zai hwaɗa mani gaskiya."

Ta gyara kayanta ta wuce. Ba ta waiwaya ba. Amma ta ga idonsa.

Gidan Hajjo mai matashi ba ɓoyayye ba ne a wajen Hubbare. Junaid ya nemo shi, ya nemo lambar waya. Saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum Zulai. Ni ne mai jakin da ya ci wake. Na bar akwatunan nan duka biyu. Kunnenki ya fi nawa."

Ta karanta, ta taɓe baki, ta amsa.

"Wa alaikumus salam, Mai Rugugi. Allah shi kyauta. Ka riƙa tausaya wa akuyoyin gari."

Daga nan ya fara zuwa zance da la'asar. Da rana gyaran rediyo da fanka yake yi, ranakun biki ya bi ƙungiyarsu ya kaɗa bes. Yana da kunya da ladabi. Aibinsa ɗaya. Sauran samari kan yabi idon budurwa, shi kuwa akwati yake zagi.

"Zulai tawa, mai babbar sifika yana da ciki amma ba ya da baki. Sautin duk ya cakuɗe kamar kunun da ya tsinke. Mai ƙanana huɗu yana da baki, ba ya da ciki. Wanda na karɓo wancan mako kuwa da garin katako aka matse shi. Damina na sauka ya kumbura, yanzu zuza yake kamar ƙudan zuma."

"To wai mi kake nema?"

Ya ce, "Kin san muryar dattijon da ke magana a hankali, amma kowa a zaure ya ji shi? Ita."

Zulai ta sunkuyar da kai. Ba ta son kiɗansa. Duk ranar da ya kunna mata shi a waya sai ta ji kamar ta ci abinci mai tsami. Amma mutumin da ƙarya ke damunsa har a cikin sauti, ta ga ba abin yarwa ba ne.

Ita ba ta iya yabo ba. Ko miyar Hajjo ta yi daɗin duniya, iyakar abin da za ta ce, "Da sauƙi." Junaid ya gane haka. Duk akwatin da ya jarraba sai ya aiko mata da sautin, ya jira kalmar. Tsaki yake samu.

Da kayan shago suka ƙi, ya tafi Kwalkwalawa wajen Lawwali kafinta, ya sa aka yi masa akwati da katako mai kauri, aka huda rami a gaba don iska. Ya fi na baya. Amma sautin na kai da komo a ciki, kamar mutum ya tura kai cikin randa yana magana.

Ana haka magana ta isa ga Malam Siddiƙu, mahaifinta, mai karantar da manya a zaurensa. Ya kira ta. Hajjo na gefe tana tsince ƙwaya daga audugar rimi.

"Wanga yaro mai rugugi, na ji labari nai," ya ce. "Na taɓa jin abin a wani biki a Dundaye. Sai da na tashi na sake alwala, don ban san ko daga cikina ya hito ba."

Hajjo ta danne dariya da gefen zane.

"Baba, yana da sana'a. Yana salla cikin jam'i."

"Ban tambaye ki ba. An ce mani ya ɗauki akwati ya aje, ya ɗauki wani ya aje, duk shagunan Sakkwato sun gaji da shi. Wanda akwati ɗaya bai ishe shi ba, mace ɗaya za ta ishe shi? Ga Saifullah nan, mun san gida nai. Tashi."

Zulai ta tashi. Maganar ta zauna mata, don ita ma ta taɓa tunanin haka.

A gidan Hajjo akwai al'ada tun daga kakarta. Budurwa ba ta faɗin wanda take so da baki. Matashi take ɗinkawa da hannunta, ta ba shi. Wanda ya karɓa ya san an zaɓe shi. Zulai ta zaɓi audugar rimi mafi laushi, ta tsince ta tsaf, ta shanya. Ta ɗinka rigar da farin yadi, ta saƙa sunansa da koren zare. Allura ta soke ta ba adadi. Hajjo ta gani, ta kau da kai.

Da ya zo zance ta miƙa masa. Ba ta yi bayani ba. A ganinta kowa ya sani.

Junaid bai sani ba. Gidansu ba a yin haka. Ya yi godiya, ya matsa matashin da yatsu, ya sake matsawa, ya kara shi a kunne. Idonsa ya yi haske. Ita ta ɗauka so ne.

Washegari saƙo ya shigo.

"Zulai tawa, hasken idona, NA SAMU! Muryar nan ta fito. Albarkacinki ne. Na gama neman akwati har abada."

Ta yi murmushi ita kaɗai. Ta rubuta, "Alhamdulillah, Mai Rugugi." Har ta ƙara hoton zuciya, abin da ba ta taɓa yi ba.

Murnar ba ta daɗe ba. Saifullah ya zo gaida Malam, ya nemi a kira ta zaure. Ya zaro wani tsumma daga aljihu, ya riƙe shi da yatsu biyu kamar mataccen ɓera.

"Na je wajen Lawwali kahinta, na tarar shina goge gam da wanga. Na ga kamar aikin gidan nan ne."

Farin yadin ne. An farke shi ta gefe. Gam ya bushe a kan koren zaren, garin katako ya manne a sunan.

"Audugar fa?" Hajjo ta tambaya daga bayan ƙofa.

"Ya tura ta cikin akwati, Inna. Wai don ta shanye amsa-kuwwa."

Malam Siddiƙu ya dubi ɗiyarsa kawai. Zulai ta karɓi tsumman, ta shige ɗaki.

Saƙonni suka riƙa shigowa.

"Zulai, lafiya? Na ji shiru."

"Masoyiyata, in laifi na yi ki faɗa mani."

Ta ɗauki hoton tsumman ta aika masa. Ta rubuta a ƙasa:

"A gidanmu wanda aka ba matashi an ba shi aure. Kai ka ba akwati. Ka aure shi."

Ta kashe wayar.

Kwanaki suka wuce. Saifullah ya ƙara yawan gaisuwa, da sabon turare mai hawa kai. Zulai na jin ƙamshin daga tsakar gida ta rasa sha'awar abinci. Malam ya fara maganar sa rana. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Wata safiya da hantsi, bayan ɗalibai sun watse, aka ji tsayuwar keke napep a ƙofar gida. Junaid ne. Ya sauko da akwatin, ya jawo shi har bakin zaure, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Bai zo da jita ba. Zulai na tsaye bayan labule tana kallo.

"Allah shi gafarta Malam."

"In kiɗa ka zo yi, koma."

"A'a, Malam. Kayan mutane na kawo."

Ya fitar da sukundireba, ya kwance bayan akwatin. Ya zura hannu ya fara zaro auduga, dunƙule bayan dunƙule, yana zubawa a tsabtataccen buhu. Wadda ta manne a lungu ya kankare ta da farce.

Malam ya gyara zama. "Wanga shi ne akwatin da aka ce ka gamsu da shi?"

"Shi ne."

"In ka cire wagga auduga, mi zai faru?"

"Zai koma randa, Malam."

"Ka sayi wata mana. Kasuwa cike take."

"Na saya. Na sa soso, na sa ta katifa, na sa tsohon bargo. Ba su yi ba. Tata ce kawai ta yi." Ya dubi buhun. "Ban san ma'anar kyautar ba. Jahilcina ne. Amma ba zan riƙe murya da abin da ya sa ta kuka ba. Zan kaɗa da randar haka nan."

"In wani akwati ya hito gobe, mai kyau?"

"Na daina nema, Malam. Na gaya mata tun kafin in san na yi laifi."

Hajjo ta fito, ta zura hannu a buhun, ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Tir! Duk warin gam. Wagga ba ta sake shiga ƙarƙashin kan mutum. Kai ɗan nan, uwarka ba ta koya maka komi ba?"

"Ta rasu ina ƙarami, Inna."

Hajjo ta ɗaure bakin buhun a hankali, ta shige da shi.

Malam Siddiƙu ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ɗaga murya.

"Zulaihatu! Na san kina nan. Kin ji shi. Wawa ne."

"Awo, Baba," ta ce daga bayan labule.

"Amma ban ga mayaudari ba. Kina son wawan?"

Ta ce, "Baba, akwai sauran yadi a ɗaki."

Malam ya ja tsaki, irin nata sak. Ya dubi Junaid. "Ka turo manyanka. Kuma ka ji sharaɗina. Wanga abu ba ya ƙara a unguwar nan, ko ranar biki. Ɗauke shi daga ƙohwata."

Saifullah da ya ji, ya ce dama yarinyar ba ta san kaya masu kyau ba.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure a zauren Malam. Ba a kaɗa komai ba. Malam ya yi addu'a gajera, ya ce Allah shi ba su haƙuri da juna, don za su buƙace shi. Jama'a suka shafa.

Aka kai amarya Dundaye, gidan Junaid. Cikin kayan ɗakinta akwai sababbin matasai biyu, ɗaya da koren suna. Akwai kuma wani buhu da Hajjo ta sa a ƙasan kaya. Ta aiko da saƙo a bakin ƙanwarta: "Na buhu na akwati ne. Na gado na kai ne. In ya sake haɗa su, ki dawo gida."

Da baƙi suka ɗauke ƙafa, wata safiya Zulai ta jawo buhun tsakar ɗaki.

"Mai Rugugi, kwance bayan abin nan."

Ya kwance. Ita da kanta ta mayar da audugar, tana toshe hanci saboda warin gam. Ya ɗaure, ya jona waya, ya rage ƙara ƙasa sosai. Ya dube ta kamar mai jiran hukunci. Ya taɓa igiya ɗaya.

Sautin ya fito a hankali, mai kauri, a tsaye. Bai daki ƙirji ba. Kwanon rufi bai motsa ba. Ya cika ɗakin, ya zauna.

Zulai ta saurara har ya mutu. Ta taɓe baki. Ta kakkaɓe auduga daga zanenta.

"Da sauƙi," ta ce.

Junaid ya aje jitar, ya rufe fuska da hannu biyu.

Allah shi bar su tare, shi ba su zuriya mai albarka, shi kuma ba maƙwabtansu haƙuri.