Sunan Da Inna Ba Ta Taɓa Kira Ba

Har gobe in Hamdiyya ta buɗe adakar Inna, ɗan littafin nan mai jan bango take fara ɗaukowa. Mahaifinta, marigayi Malam Sambo, shi ya rubuta shi, labarin yadda ya riƙa takawa a ƙasa daga Maradun zuwa Faru neman auren Inna. Allah sarki, kamar jiya!

Hamdiyya na aji biyu a kwaleji a Talata Mafara malamin adabi ya ba su aiki, kowane rukuni ya ɗauki littafi ya mayar da shi fim. Mas'ud, ɗan ajinsu da magabatansa har sun kai gaisuwar neman aurenta gidansu, ya dage sai littafin Baba. Da ƙyar Inna ta yarda.

Ranar da aka kawo fim ɗin, Inna na zaune kan tabarma, har murmushi take yi. Can sai ga yarinyar da ta fito a matsayinta ta biyo saurayi bakin rijiya tana ƙwala kira, "Sambo! Sambo, tsaya mana!"

Inna ta miƙe tsam.

"Ni ce wagga? Shekara talatin muna tare bakina bai taɓa kama sunanai ba! Sai yanzu da ƙasa ta rufe mai ido za ku sa ni kiranai gaban duniya?"

"Inna, fim ne fa," in ji Mas'ud. "Kyamara ba ta ɗaukar shiru, dole a sa dayalog—"

"Tashi ka ba ni wuri! Wanda bai san kunya ba, ba ni ba shi ɗiyata."

Kai, Hamdiyya ta sha kuka! Ƙawaye suka yi ta zuga ta. "Haba, a kan fitowa ɗaya a fim? Ki tubure mata kawai!" Ta ƙi. Ta koma ta bi littafin layi-layi, sai ga abin da suka tsallake saboda gaggawa. Baba ya rubuta cewa in Inna na son ya tsaya, da zobenta take ƙwanƙwasa ƙwarya sau uku. Ta ja layi a wurin ta aika wa Mas'ud.

Ranar miƙa aiki ta zo. Mas'ud ya cire sunansa da fim ɗinsa, ya ce ba zai nuna abin da ya sa uwa kuka ba. Kariyoba ya samu, wato dole ya maimaita darasin. Ya sake ɗaukar fitowar tun daga farko.

Bayan wata huɗu ya dawo da sabon fim ɗin, ya durƙusa bakin ƙofa. Inna ta kalla a ɗage. Yarinyar fim ɗin ta sunkuyar da kai ta ɗora zobe kan ƙwarya, ƙwas, ƙwas, ƙwas, saurayi ya tsaya cak.

Hawaye suka zubo wa Inna. "Hakanan ne... Ko zaure yake, in ya ji ta sai ya shigo." Ta share ido da bakin mayafi. "Ka ce ma manyanka su zo su sa rana."

Jama'a, da Hamdiyya ta yi wa mahaifiyarta tsaye, da ta rasa albarka, ta rasa Mas'ud. Haƙuri da girmama iyaye su suka ba ta duka biyun.

Ɗansu na fari Sambo aka raɗa masa. Abba ake kiransa, don har Inna ta koma ga Mahaliccinta ba wanda ya ji sunan nan a bakinta.