Alama Kafin Duka

"Sake!"

Taesan ya sauke hannu yana haki. Baƙar rigar nan mai matse jiki ta jiƙe sharkaf da gumi, ƙananan ƙwallayen da aka liƙa mata daga wuya har idon sawu suna ƙyalli. Kyamarori sun kewaye shi, duk motsin da ya yi sai dodon da ke kan allon Gyuri ya yi irinsa.

"Haba Gyuri! Tun safe nake jibgar buhun nan. Kakarki ya zaga ne?"

"Ba dukan ka ɓata ba, Oppa. Alamar ka ɓata," in ji Gyuri. Oppa take ce masa, kamar yadda budurwa ke kiran saurayinta a can.

"Na ajiye sandar, na goge baki..."

"Ka yar da ita dai! Shi a hankali yake ajiyewa, kamar mai tsoron kada ta ji ciwo. Sannan ya goge leɓe da babban yatsa. Ya yi 'yar dariya. Kafaɗar hagu ta sauka. Sai bayan hannu ya fita." Ta nuna buhun. "Sake."

Ya sake. Wannan karon sai da buhun ya tashi sama, Gyuri ta zabura a kan kujera kamar ita aka mara.

Shekarar ƙarshe suke a jami'a a Busan, sashen tsara wasannin kwamfuta, wasan nan kuma shi ne aikinsu na kammalawa. Abin da malamansu suka fara cusa musu tun aji ɗaya shi ne, duk dukan da abokin gaba zai kai a cikin wasa dole ya zo da alama, don mai wasa ya samu damar kaucewa. Dodon da ya daki mutum ba gargaɗi, wannan ba wasa ba ne, zalunci ne. A duk ajin babu wanda ya kai Pyo Gyuri iya tsara alama.

Taesan ya zo ya tsuguna gabanta, ya leƙa fuskarta. "Sanyin idona, wai ina kika samo dodon nan? Ni da nake cikinsa ma tsoro yake ba ni."

"Daga kaina."

Ƙarya ce tsagwaronta, amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ranar Lahadi zai je gaban mahaifinta neman izinin aurenta. Ba don albarkar tsohon ta dame ta ba. Omma, mahaifiyarta, ce a gidan. In Aboji, wato uban nata, ya ce a'a ta bi Taesan duk da haka, ta san halinsa, zai rufe mata ƙofa, kuma mahaifiyarta tana bayan ƙofar. Tana son Taesan har cikin ɓargo, ba ta kuma san yadda za ta rayu ba ta ganin Omma ba.

Ranar Lahadin suna hawan matakalar unguwar su Gyuri da hantsi, shi riƙe da kwalin 'ya'yan itace, ita tana ta jera masa sharuɗɗa.

"Da hannu biyu za ka zuba masa giyar soju."

"Na sani."

"In ya zuba maka, ka juya fuska kafin ka sha."

"Gyuri, ni ma uwa ce ta haife ni fa, ba kwamfuta ba."

Ta tsaya, ta riƙe hannun kwat ɗinsa. "Duk abin da ka gani a gidanmu, ka kalli shinkafarka. Ka yi min alkawari."

Ya yi dariya, ya yi alkawarin, don bai san abin da ya ɗauka ba.

Aboji na zaune a ƙasa gaban gajeren teburi. Tsohon mai walda ne a wurin ƙera jiragen ruwa, hannayensa duk tabon wuta. Taesan ya durƙusa, goshi har ƙasa.

"Sunana Ok Taesan, Abonim," ya ce, yana kiransa uba irin kiran suruki.

"Wane ne ubanka a nan?" Tsohon ya kalle shi sheƙeƙe. "Kai ne mai wasan yaran? Ƙato da kai?"

"Muna ƙera shi ne..."

"Ƙira! Ka taɓa riƙe ƙarfe mai zafi? Ka yi aikin soja ma kuwa?"

"Na yi. A bakin iyaka."

Nan fuskar ta ɗan saki. Taesan ya zuba da hannu biyu, ya juya fuska ya sha nasa, aka sake zubawa. Kafin a ci rabin gasasshen kifi Aboji har ya fara ba da labarin nasa zaman barikin. Gyuri ta ji numfashinta na dawowa. Har ta fara hango kanta tana hawan matakalar nan da jariri a goye.

Omma ta fito daga kicin da tukunyar miya, murna fal fuskarta. Murnar ce ta ja mata. Ta ce, "Yaron nan akwai hankali, ko ba haka ba, Baban Gyuri?" Tana sunkuyawa hannun rigarta ya ture ƙoƙon soju, ya zube a cinyar mijinta.

Aboji ya dubi cinyarsa. Ya ajiye tsinkayen cin abincinsa a hankali, ya daidaita su. Ya goge leɓe da babban yatsa. Ya yi 'yar dariya.

Gyuri ta gane alamar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ita kuwa ko gudun ba ta iya ba, sandarewa ta yi. Omma ta noƙe wuya ta rufe ido.

Kafaɗar hagu ta sauka.

Ƙarar marin ba ta zo ba. Gyuri ta ga Taesan a kan gwiwoyi, ya miƙe ta saman teburi, ya cafke wuyan hannun mahaifinta a iska. Shi kansa kallon hannun nasa yake yi kamar na aro. Watanni yana yin motsin nan safe da yamma, jikinsa ya gane shi kafin hankalinsa ya tuna alkawari.

"Ni?" Muryar Aboji ta yi ƙasa. "Ni ka riƙe? A gidana?"

"Abonim, ka yi haƙuri, miyar da zafi..."

Tsohon ya kifar da teburin da ƙafa. Kwanuka suka watse, miya ta malale a ƙasa. Ya suri koriyar kwalbar giyar ya sauke wa Taesan a goshi. Tas! Jini ya ɓalle ya rufe masa ido ɗaya.

"Aboji! Aboji, don Allah!"

Taesan ya fi shi tsawo, ya fi shi ƙarfi, ya kuma san ta inda kowane duka zai fito. Amma ya mayar da hannayensa baya ya harɗe, ya sunkuyar da kai. Tsohon ya haure shi a haƙarƙari, ya sake, ya sake, yana huci.

"Ɗan iska marar tarbiyya! Tashi ka rama mana! Ba ka iya riƙe hannun manya ba?"

Gyuri ta faɗa kan Taesan ta rufe shi da jikinta. Aboji ya damƙi gashinta ya fizge ta, ta bugu da bango har haƙoranta suka datse harshe.

"Kwashe shi ki fitar min da shi! Amma ki ji, in ƙafarki ta bi shi ta tsallake ƙofar nan, kin gama da gidan nan. Uwarki ko gawarta ba za ki gani ba!"

Abin da take tsoro ke nan tun farko, ga shi ya zo. Ta kalli Omma da ke raɓe jikin ƙofar kicin. Ta kalli Taesan, jini na ɗiga daga haɓarsa kan farar rigarsa. Zuciyarta kamar a tsaga biyu. Amma mutum na zubar da jini, ba lokacin tsayawa zaɓe ba ne. Ta sa kafaɗa ƙarƙashin hammatarsa, suka fita tana kuka.

A tsakiyar matakalar unguwa Taesan ya zauna daɓas. Ta cire ɗankwalin wuyanta ta danne masa goshi, da ɗaya hannun tana dukan kafaɗarsa.

"Na ce ka kalli shinkafarka! Na ce maka! Ka raba ni da Omma, Oppa... ka raba ni da ita!"

"Ban yi niyya ba. Hannun ne ya tafi." Ya tofar da jini, ya ɗago ido ɗaya ya kalle ta. "Gyuri, watanni kina sa ni cikin rigar mahaifinki. Kina cewa in sake. Ba ki taɓa gaya min ba."

"Ta yaya zan gaya maka? In ce ga dodon, kuma gobe ka je ka durƙusa masa?"

"Da na sani, da ban yi miki dariya a ɗakin nan ba ko sau ɗaya."

Wannan ya fi komai karya mata zuciya. Ta kifa kai a gwiwarsa tana sheshsheƙa.

Takun silifa suka ji. Omma ce ke saukowa, da ƙyallen girki har yanzu a ɗaure a ƙugunta, tawul a hannu. Maƙwabta na leƙe ta tagogi, ita da ta ƙare rayuwarta tana gudun idon maƙwabta ko kallonsu ba ta yi ba. Ta ture hannun Gyuri, ta danna tawul ɗin a kan ciwon.

"Omma, ki koma kafin ya..."

"Yi min shiru." Ta dubi Taesan. "Kai, yaro. Ya aka yi ka sani? Ƙannensa ma ba sa ganin zuwan hannun nan. Kai yau ka fara ganinsa."

Taesan ya kalli Gyuri.

Ta ciro waya, ta buɗe wasan, ta miƙa. A kan ɗan allon, dodo ya ajiye sandarsa a hankali. Ya goge leɓe. Ya yi dariya. Wata 'yar mitsitsiyar yarinya mai jan takalmi ta mirgina gefe, dukan ya wuce ta saman kanta.

Omma ta kalla har ƙarshe.

"Ashe kina gani?"

"Ina gani."

"Amma ina rufe ki a ɗaki! Ina ƙure ƙarar talabijin... da safe in ce miki a banɗaki na zame..."

"Ƙofar ba ta rufuwa duka, Omma. Tun ina 'yar ƙarama nake gani."

Matar ta dafe ƙirji, wani kuka ya ƙwace mata wanda Gyuri ba ta taɓa ji ba, ko a ranakun da aka fasa mata baki.

"Wayyo ni! Don ke na zauna. Na ce kada a nuna ki a makaranta a ce ga 'yar da ba uba. Na ɗauka na ɓoye miki... ashe zama na yi ina koya miki yadda ake kauce wa mari!"

"Omma, ki yafe min."

"Me kika yi? Ke kika daki wani?"

Daga can sama muryar Aboji ta tsaga unguwar, yana kiran matarsa, yana cewa ta zo ta share masa ɗaki. Jikin Omma ya zabura da kansa, har ta ɗaga ƙafa. Gyuri ba ta riƙe ta ba, don ta san ƙarshen zancen ke nan, ta riga ta fara yi mata kallon ban kwana.

Omma ta tsaya. Ta kwance ƙyallen girkin, ta ninke shi tsaf, ta ajiye a kan matakala.

"Yayata tana Daegu, ta daɗe tana cewa in zo." Ta share fuska da bayan hannu, ta kama Taesan ta ɗaya gefen. "Tashi, Ok-sobang. Mu je a ɗinke maka kan nan."

Gyuri ta daskare. Uwa ba ta kiran namiji haka sai mijin 'yarta.

"Omma... me kika ce masa?"

"Kurma ce ke? Kama shi ta can, surukina na zubar da jini kina min tambaya!"