Ranar Da Ya Kalli Idon Nangala

"Alwin, ɗinkin mene ne wannan a cikin Wanta?!"

Renita ta durƙusa cikin jar ƙasa, ta rungume Wanta, karyar da har yanzu allurar barci ba ta sake ta ba.

"An cire mata mahaifa ne, masoyiyata... ai Mama ce ta yarda."

"Ta yarda? A bakinta ka ji?"

Ya sunkuyar da kai. Ina zai ji! Tun da ya fara neman Renita ya ɗauki mahaifiyarta Nangala a matsayin suruka, kuma a garinsu namiji ba ya kallon surukarsa, ba ya mata magana, ko hanya suka haɗa sai ya ratse. Ranar da ya kalle ta kuwa, neman auren ya warware. Shi ne ɗan garin da ke yi wa likitar dabbobi jagora gida-gida, ana maganin kaska da ƙazuwa, ana neman izinin masu karnuka kafin a yi wa karnukan aiki. Da aka zo kan gidan Nangala, sai ya aiki Sherina, ƴar ƙanwar Nangala, ta dawo ta ce an yarda.

"Wanta kaɗai ta rage cikin karnukan farautar babana! Kullum Mama tana jiran ta haihu, ta ce ko ba shi, jininsu ya ci gaba da kama mata guza. In ka isa namiji, je ka faɗa mata da bakinka!"

"Renita... kin san abin da kike cewa kuwa?"

"Na sani!"

Wallahi ba ta sani ba, zuciya ce kawai, kuma Renita akwai saurin hawa.

Tana kallo ya nufi inuwar da Nangala ke zaune. Matan da ke gasa wutsiyar kangaru suka bar juya wuta. Ya cire hula, ya ɗaga ido ya dubi tsohuwar.

"Nangala, ni na kai ta. Ki yafe mini."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa.

"Ba wanda ya tambaye ni, Alwin. Amma na yafe."

Sai a lokacin Renita ta farga. Ta juya, ta hango Sherina a jikin tankin ruwa tana murmushi. Munafuka! Ashe ko ƙofar gidan ba ta taka ba. Dama ta daɗe tana bin Alwin da ido.

Renita ta ruga ta sha gabansa.

"Abin ƙaunata, don Allah... fushi ne! Koma ka juya mata baya kamar da, ba wanda zai ce komai!"

Idanunsa sun yi ja.

"Duk gari sun gani. Na kalle ta, ta kira sunana. Da wace fuska zan sake ce mata suruka?"

Ya hau motar likita, suka wuce gari na gaba.

Renita ta koma ta zauna kusa da Wanta, hawaye na zuba, nadama na cin ta.

"Daina kuka," in ji Nangala a hankali. "Yaron kirki ne. Ban taɓa sanin yana da kyawun ido haka ba."